Wa Zai Biya Kuɗin Titunan Damagaram?

A ƙidayar jama'a ta 1977, mazauna birnin Damagaram ba su cika dubu 54 ba. Zuwa 1988 sun kusa dubu 120, a 2001 suka haura dubu 170, ƙidayar 2012 kuma ta same su fiye da dubu 235. In an haɗa da ƙauyukan da ke ƙarƙashin ma'aikatar magajin gari, adadin ya wuce dubu 320. Cikin shekara 35 gari ya ninka kansa fiye da sau huɗu, kuma har yau bai tsaya ba. Wanda ya san Damagaram lokacin da Birni da Zango da Sabon Gari su ne kusan dukan gari, in ya bi hanyar Tanut ko ta Mirya ko ta Magarya yanzu, zai tarar gidaje sun cinye gonakin hatsin da ya sani.

Gidaje sun yi gaba, tituna sun tsaya a baya. Akwai 'yan manyan hanyoyi masu kwalta da suka ratsa gari, akwai wasu layuka masu pabe a tsofaffin unguwanni, sauran kuwa yashi ne da rani, laka da damina. Kowa ya yarda ana bukatar tituna. Inda magana ke tsayawa shi ne: da kuɗin wa?

A wasu ƙasashe, birane masu saurin girma sun amsa wannan tambaya da ɗan harajin da ake ɗorawa kan duk abin da aka saya a cikin gari, a ware kuɗin ga hanyoyi da sufuri kaɗai. Ya dace a auna wannan dabara da ma'aunin Damagaram: abin da zai karɓu a cikinta, da abin da ba zai karɓu ba, da kuma inda kuɗin titunan garin yake kwance tun yanzu.

Abin da damina ke tonawa

Damagaram gari ne da ke zaune a kan dutse. Manyan duwatsun da suka ƙawata Birni saman abin ne kawai, a ƙarƙashin gari ma dutsen ne shimfiɗe. Shi ya sa rijiya ke wahalar ba da ruwa, har sai da aka riƙa janyo ruwan sha daga nesa, daga wurare irin su Gogo da Arunguza. Shi ya sa kuma ruwan sama ba ya nutsewa da wuri: kan ƙasa yake bi yana neman tafki, in kuwa an yi gini a kan hanyarsa sai ya mai da titi kwarinsa.

Duba layi guda a sabuwar unguwa washegarin ruwan Agusta. Tsakiyar layin ya zaizaye, ruwa ya bar rami mai tsawo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Magidanta sun jera buhunan yashi a bakin ƙofofi, wani ya sayo ɓaraguzan gini a amalanke ya zuba a gaban gidansa, ruwan ya karkata zuwa gidan maƙwabci. Ɗan kabu-kabu ya sauke ƙafa biyu yana jan babur a hankali, fasinjarsa ta tattare zane ta riƙe jakarta sama. Mai adaidaita ya tsaya a bakin kwalta ya ce iyakarsa nan, in kuma za a shiga ciki sai an ƙara kuɗi. Mai ga-ruwa ya ƙara wa jarka farashi, don kurarsa ba ta turuwa cikin laka. In naƙuda ta kama mace cikin dare a irin wannan layi, sai an tallabe ta zuwa inda mota za ta iya tsayawa.

Duk wannan biya ne. Mazauna unguwar suna biyan kuɗin rashin titi kowace rana, a kuɗin haya, a gyaran babur, a tsadar ruwa, a katangar da ta faɗi. Bambancinsa da haraji shi ne ba a ba da tikiti, kuma ba ya gina komai.

Daminar 2024 ta nuna iyakar abin. A farkon Satumbar shekarar, ruwa ya rusa tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ya tsaya tun ƙarni na 19, kuma jihar Damagaram na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna a faɗin Nijar. A irin wannan gari, maganar titi da maganar magudanar ruwa abu ɗaya ne.

Kwalta ma ba ta tsira ba. Maƙiyanta biyu ne: ruwa da nauyi. In leda da yashi suka toshe lambatu, ruwa ya kwanta a gefen titi, sai ya bi tsagar kwalta ya jiƙa burjin da ke ƙasa. Babbar mota ta bi ta kai, wurin ya lotsa, rami ya buɗe. Ƙungiyar ƙasashen yankinmu ta UEMOA ta kafa doka tun 2005 cewa nauyin da ke kan layin tayoyi guda na babbar mota kada ya wuce tan 12, domin injiniyoyi sun auna cewa in nauyin ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninkawa wajen sau 16. Damagaram kuwa mahaɗar manyan motoci ce: na Yamai da Difa, na Agadas, na Kano, da tankokin mai masu fitowa daga matatar SORAZ.

Garin da hanya ta gina

Karɓar kuɗi a kan ciniki domin kula da hanya tsohon abu ne a wannan ƙasa. Arzikin Damagaram a ƙarni na 19 daga hanya ya fito. Ayarin raƙuma da ke tasowa daga Tarabulus, ya biyo ta Gat da Agadas zuwa Kano, a nan yake yada zango, kuma unguwar Zango masaukin fatake ce da Buzaye tun asalinta. Baturen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka a garin a ƙarshen 1852, zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma sa aka ƙera igwa a cikin gari. Fada tana samun rabonta daga fatauci, fatake kuma suna samun abin da suka fi bukata a wancan zamani: hanya mai aminci da kasuwa mai tsari. Mai biya yana ganin abin da ya saya da kuɗinsa.

Zuwan Faransawa a 1899 ya sauya wannan ma'amala. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce hedkwatar mulkinsu a Nijar, kafin a mai da ita Yamai. Hanyoyin mota na farko da aikin tilas aka share su: a ɗebo maza daga ƙauyuka su fasa dutse, su ɗauki ƙasa a ka, ba lada. Ga kuma lanho da ake karɓa kan kowane kai. Sai a 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. A ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin yuraniyom ya shigo, Seyni Kunce ya soke harajin kai da gwamnatin tsakiya ke karɓa, talakawa suka numfasa.

Wannan tarihi bai gushe daga zukata ba. Ga mutane da yawa, haraji abu ne da hukuma ke karɓa don tana da ƙarfi, titi kuwa kyauta ce da shugaba ke kawowa in ya so gari. Duk wanda zai kawo maganar sabon haraji a Damagaram, da wannan fahimta zai fara karo.

Titunan biki da titunan baƙi

In aka bi manyan titunan garin ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi asalin kuɗinsu, amsa biyu ce za ta yi ta maimaituwa: ko biki, ko masu ba da tallafi daga waje.

A 2006, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, aka fara zagayawa da bikin ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba zuwa manyan biranen jihohi, kuma Damagaram ce ta fara karɓa. Zamanin Shugaba Mahamadu Isufu aka faɗaɗa tsarin: Doso a 2014, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, sai Damagaram kuma a 2018 da shirin Zinder Sabuwa, shekarar da Jamhuriya ta cika 60. An shimfiɗa kwalta, an kafa fitilu, an gyara filin jirgin sama, fuskar gari ta canza, kuma babu mai musun amfanin hakan. Sai dai tsakanin bikin farko da na biyu shekara 12 ce. Kuɗin biki na gini ne, ba ya zuwa da kuɗin sharar lambatu na shekarun da ke biye, ko na like ramin farko kafin ya zama goma.

Manyan hanyoyin da ke haɗa garin da duniya kuwa, yawancinsu da hannun abokan hulɗa aka gyara su. Tarayyar Turai ta zuba kuɗi a hanyar Magarya zuwa iyakar Najeriya da kuma ta Tanut. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da dama daga cikin masu ba da tallafi suka dakatar da kuɗinsu, aka ga yadda aikin da ya dogara ga aljihun wani ke tsayawa rana ɗaya.

Nijar tana da asusun gyaran hanyoyi na ƙasa. An kafa CAFER a 1999, daga baya aka maye gurbinta da asusun FER, wanda ke samun kuɗi daga kason da ake cirewa a farashin mai da kuɗin shingen hanya da direbobi ke biya. Amma ƙasa mai faɗin Nijar, inda Yamai zuwa Damagaram kaɗai ta kusa kilomita 900, ƙarfin wannan asusu a manyan hanyoyi yake ƙarewa. Layin cikin unguwa nauyin ma'aikatar magajin gari ne.

Aljihun magajin gari

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2004 aka fara miƙa wa garuruwa ragamar harkokinsu. Dokar 2010 ta ba Damagaram, tare da Yamai da Maraɗi da Tawa, matsayi na musamman, aka raba ta gunduma biyar a ƙarƙashin majalisar birni. An miƙa nauyi mai yawa: tituna, shara, magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshi. Kuɗin da aka haɗa da nauyin bai kai ba.

Abin da birni ke tarawa da hannunsa sananne ne. Akwai tikitin kasuwa: da safe mai karɓa zai bi rumfa-rumfa a Kasuwar Dole da ɗan littafinsa, ya yage takarda ya miƙa wa mai tumatir, ya karɓi 'yan daloli, ya wuce wurin mai tabarmi. Akwai kuɗin tasha, kuɗin dabbar da aka sayar a kara, kuɗin mahauta, kuɗin lambar kabu-kabu da adaidaita. Akwai kason da gwamnatin tsakiya ke mayar wa birni daga patanti da harajin gidaje, wanda sai ya biya ta baitulmali kafin ya dawo, sau da yawa a makare. Akwai tallafin da ke biyowa ta hukumar ANFICT, wadda aka kafa a 2008.

Akwai kuma harajin da sunansa ma na titi ne, wanda takardun hukuma ke kira taxe de voirie, ana karɓarsa kan kowane baligi ta hannun masu unguwanni. Bai kai jika biyu ba a shekara, kuma a biranen Nijar kaɗan ne ke biya. A ƙaddara ma baligai dubu 100 sun biya jika biyu-biyu cif: sefa miliyan 200 ke nan. Kilomita guda ta kwalta a cikin gari, da lambatunta na kankare, ɗaruruwan miliyoyi take ci. Ga albashin ma'aikata da man motocin shara suna jiran wannan aljihu ɗaya.

Da kuɗi suka gaza, garuruwan Nijar suka koma ga abin da ke hannunsu, wato ƙasa. A yanka filaye, a sayar, a biya bukatun yau. An ma yi lokacin da gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashinsu da filaye. Ta haka ake haihuwar unguwa a kan takarda, da layukanta a zane, babu burji, babu lambatu, babu famfo. Kuɗin filin ya tafi, nauyin titin ya rage wa birni har abada.

Yadda wasu birane suka yi

A Amurka aka fi amfani da harajin sayayya wajen gina hanyoyin gari. A 1985, mazauna gundumar Maricopa ta jihar Arizona, inda birnin Phoenix yake, suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ƙarin rabin kashi ɗaya cikin ɗari kan sayayya, na tsawon shekara 20, domin gina manyan hanyoyin da aka zana musu a taswira. Da wa'adin ya kusa cika suka sabunta shi a 2004, suka sake sabuntawa a 2024. Gundumar Los Angeles ta yi irin wannan a 2008 da 2016, a jihar da doka ta ce harajin da aka ware wa aiki na musamman sai kashi biyu cikin uku na masu zaɓe sun yarda.

In an mai da lissafin zuwa kuɗinmu, wanda ya yi sayayyar jika goma zai ƙara dala goma. Ba ya jin zafinta, amma da yake kowa na biya, har baƙon da ya shigo gari cin kasuwa, abin da ke taruwa yana da yawa, kuma yana ƙaruwa yadda gari ke ƙaruwa. Da wannan tabbataccen kuɗin shiga birni ke iya cin bashi ya yi aikin yau, ya biya a hankali.

Abin lura a tsarin shi ne sharuɗɗan da ke tafe da shi. Ana faɗa wa mutane titunan da za a yi tun kafin su yarda. Kuɗin yana da asusunsa, ba a taɓa shi don wata bukata. Galibi yana da ranar ƙarewa. Akwai masu binciken da ke bayyana lissafi ga jama'a. Wanda ya ga an cika alkawari shi ke sake ba da ƙuri'arsa.

Dalilan da suka hana a kwafo shi yadda yake

Na farko, doka. A Nijar hukumar ƙasa ce ke ƙirƙirar haraji. Birni yana iya yanke adadi ne kawai cikin iyakar da doka ta shata masa, ba shi da ikon ƙago harajin sayayya nasa na kansa.

Na biyu, wurin ya riga ya cika. Amurka ba ta da harajin sayayya na ƙasa baki ɗaya, shi ya bar wa jihohi da birane fili. Nijar kuwa tana da TVA na kashi 19 cikin ɗari, wanda ke tafiya baitulmalin ƙasa. A kayan jika goma, sefa 1,900 ke nan. A Najeriya irin wannan haraji kashi 7 da rabi ne tun 2020.

Na uku, iyaka. Kano ba ta fi tafiyar kilomita 240 ba. Ɗan kasuwar Damagaram ya san Kantin Kwari da Singa da Dawanau kamar yadda ya san Kasuwar Dole, ga Mai'aduwa da Maigatari a bakin iyaka. Duk abin da ya ƙara tsadar kaya a shagon da ke da rajista, riba ce ga kayan da suka biyo ta bayan gari.

Na huɗu, yanayin cinikin kansa. Harajin sayayya yana bukatar rasit. Hukumar haraji ta shigo da rasit na na'ura a 'yan shekarun nan, amma iyakarsa manyan shaguna da kamfanoni. Mai awon gero da tiya, mai ƙuli-ƙuli, mahauci, dillalin awaki ranar Alhamis, cinikinsu na baki ne da amana. Ƙarin zai faɗa kan 'yan ƙalilan da suka riga suke biya.

Na biyar, kuma mafi nauyi, adalci. Talaka yana kashe duk abin da ya samu a abinci da magani, mai hali kuwa yana ajiye wani abu. Harajin da ke bin sayayya ya fi cizon wanda ba shi da shi. 'Yan Nijar sun taɓa ba da amsa a kan wannan. A farkon 2005 dokar kasafi ta ɗora kashi 19 kan madara da garin alkama da sukari da ruwa da wuta, a shekarar da yunwa ke ƙwanƙwasa ƙofa. Gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa, ƙarƙashin jagorancin Nuhu Arzika, ta kira zanga-zanga da zaman gida a watan Maris, kasuwanni suka rufe a manyan birane har da Damagaram. Zuwa Afrilu gwamnati ta janye harajin daga kan madara da garin alkama, ta sassauta na ruwa da wuta. A Kano ma, a Fabrairun 2021, 'yan adaidaita sahu sun ajiye aiki kan naira 100 da aka ce su riƙa biya kullum, gari ya koma tafiyar ƙafa. Kuɗin ba su da yawa. Tambayar da aka yi ta ji a bakin direbobi ita ce wadda ake ji a kowace tasha ta ƙasar Hausa: ina kuɗin ke zuwa?

Inda kuɗin yake kwance

Akwai harajin sayayya guda da ya dace da titi fiye da kowanne, kuma ana karɓarsa tun yanzu: wanda ke cikin farashin mai. Mai tirela ya fi mai babur biya, mai tafiya a ƙasa ba ya biyan komai kai tsaye. Ba ya bukatar bin rumfa dubu, a bakin matata da manyan ma'ajiyoyi ake cire shi.

Damagaram tana da haƙƙi na musamman a nan. Matatar SORAZ, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2011 a yankin Olelewa, wajen kilomita 50 arewa da gari, an gina ta don tace ganga dubu 20 a rana daga man Agadem. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60, gwamnatin Nijar 40. Dokar 2014 da ta tsara harkar tace mai ta tanadi cewa kashi 15 cikin ɗari na harajin cikin gida da ake karɓa kan man da aka tace na ƙananan hukumomin jihar da matatar take ne. Ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB sun daɗe suna kokawa cewa irin wannan kaso na ma'adinai da mai ba ya isa ga masu shi a kan lokaci, kuma ba ya isa cikakke. Kafin a nemi mai tumatir ta ƙara ko dala, ya kamata mutanen jihar su san nawa wannan kaso ya kama kowace shekara, nawa aka biya, nawa ya rage bashi.

Man ma yana da ɓarakarsa. Shekaru da dama kwalaben ruwa-ruwa da aka shigo da su daga Najeriya sun cika bakin titunan garin, ba su biyan komai, dubban matasa kuma da su suke ci. Janye tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023 ya sauya lissafin wannan sana'a, ya mai da masu ababen hawa da yawa gidajen mai na hukuma. Wannan dama ce ga duk asusun da zai dogara ga lita.

Misalai biyu na kusa sun nuna cewa ware kuɗi ga aiki guda abu ne mai yiwuwa a yankinmu. A Najeriya, asusun PTF da aka kafa a 1994 daga ƙarin kuɗin fetur, wanda Muhammadu Buhari ya shugabanta har aka rushe shi a 1999, ya sha suka kan yadda ya riƙa ba da kwangila, amma har yau mutanen Arewa suna nuna titunan da ya gyara, don an kafa allo a kan kowane aiki. A Nijar, asusun FSSP da aka kafa a Oktoban 2023 ya fara da karɓar dala biyu kan tikitin mota da kan sayen lokacin waya. Hanyar tara ƙananan kuɗi daga ciniki mai yawa tana nan, kuma tana aiki.

Asusun titunan Damagaram

Abin da garin ke bukata shi ne asusu guda na tituna da magudanan ruwa, wanda doka ta kafa, ta kuma hana a taɓa shi don albashi ko biki. A zuba masa harajin titi gaba ɗayansa, da wani yanki tabbatacce na rabon birni daga kason mai, da wani yanki na kuɗin tasha da na lambobin kabu-kabu da adaidaita. Kowane fili da aka yanka a sabuwar unguwa, a cire kuɗin burji da lambatun layinsa daga farashinsa tun ranar sayarwa, domin girman gari ya riƙa ɗaukar nauyin kansa. In bayan haka an ga ana bukatar ƙari, a nemi dokar ƙasa ta ba manyan birane huɗu damar ɗora ɗan kaso a wuraren da ciniki ke da rasit kuma yake da alaƙa da titi, kamar litar mai da buhun siminti. Abinci da magani kada a kusance su.

Tsarin aiki ma a faɗe shi tun farko. Magudanar ruwa kafin kwalta. Gyaran abin da ake da shi kafin sabon gini. A layukan unguwa a fifita pabe: da siminti da yashi ake buga shi a cikin gari, samarin unguwa ke jera shi da hannu, in famfo ya fashe a ƙasa a ɗaga 'yan ƙwayoyi a gyara a mayar. Kuɗinsa a gari yake zama, kuma yana ba matasan unguwannin Kara-Kara da Garin Malam aikin yi.

Sai amana, wadda ita ce jarin duka. Matan Damagaram suna zuba adashi shekara da shekaru ba tare da ɗan sanda ba, domin kowace ta san uwar adashi, ta san nawa aka tara, ta san ranar kwasarta. Haka asusun titi zai zama in ana so a biya shi da daɗin rai. A jera titunan da za a yi, gunduma-gunduma, da shekarar kowanne. A yanke wa'adi, misali shekara biyar, in ba a cika alkawari ba ƙarin ya faɗi da kansa. Duk wata uku a karanta lissafi da Hausa a gidajen rediyo, a manna shi a ƙofar kasuwa da ta ma'aikatar magajin gari. Kwamitin sa ido ya ƙunshi 'yan kasuwa, sandikar direbobi, 'yan kabu-kabu, ƙungiyoyin mata, wakilin fadar Sarkin Damagaram da malaman Jami'ar André Salifou.

Tun Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a Nijar, kantomomi ke riƙe da birane. Wannan ya ƙara wa hukuma nauyin neman yardar jama'a ta wasu hanyoyi: taron unguwa, zama da masu sana'a, sauraron masu unguwanni. Ranar da zaɓaɓɓun majalisu suka dawo, a kai musu tsarin su tabbatar da shi.

Matakin farko ba ya cin ko sisi, kuma a hannun hukuma yake. Ma'aikatar magajin gari ta bayyana abin da ta karɓa bara daga harajin titi da tasha da kasuwa da filaye, da abin da ta kashe a kan hanyoyi. Baitulmali ya bayyana matsayin kason mai na jihar. Daga nan a zaɓi layi guda a kowace gunduma cikin biyar, a yi masa lambatu da pabe kafin damina mai zuwa, a kafa allo mai ɗauke da kuɗin aikin da inda suka fito. Gani ya kori ji. Mutanen da suka saba haɗa kuɗi su gina masallacin unguwa, su sayi buhunan yashi su tare ruwa, ba za su ƙi biyan kuɗin titi ba in sun taka shi da ƙafarsu sun kuma ga lissafinsa. Hukuma ta fara nuna nata, sannan ta nemi na talaka.